Yaren Inna

Gudun asali mugun ciwo ne, kuma wanda ya kamu da shi yakan fi kowa ɗaga murya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mai aski ya aske rabin kan Ciyaman ke nan wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce.

"Yaya, Inna ta faɗi a banɗaki. Muna asibiti. Ka zo yanzu."

Ya ajiye wayar, ya tsaya riƙe da injin aski yana ta ƙugi a hannunsa.

Shekara da shekaru ƙasarsu da maƙwabciyarta suna jayayya a kan wani yanki na bakin kogi, kowace ta ce nata ne. Masu zaman yankin wata ƙaramar ƙabila ce, rabinsu nan, rabinsu can, ana ce musu 'yan tsallake. Tun da rediyo ta ce an girke sojoji a gada, matasan unguwa suka kafa kwamiti, suna bin shaguna suna tambayar kowa asalinsa. Mai aski ne ya fara rataya tuta a saman madubinsa. Ba ya buɗe baki sai ya ce "mu 'yan ƙasa," har sunan ya bi shi. To, uwar da ta haife shi 'yar tsallake ce. Ranar da ubansu ya rasu mai askin ya hana yaren tsallake a gidan, tun ƙanwarsa tana ƙarama. Bara da ciwon shanyewar jiki ya taɓa tsohuwar, harshen gari ya zube mata, ta koma yaren da ta sha a nono. Sai ya mayar da ita ɗakin ƙurya.

"Ɗan Ƙasa, haka za ka bar ni?" in ji Ciyaman, shugaban kwamitin, yana duban madubi. "Rabi namu, rabi nasu?"

"Tsohuwa ce ba lafiya, ranka ya daɗe."

Ciyaman ya kifa hula a kan rabin askin. "Uwarka ai uwarmu ce. Mu tafi, ga mota."

"Kada in wahalar da kai. Zan hau babur."

"Kai, shiga mu je."

Wasu 'yan kwamiti biyu da ke jiran layi suka bi su. A hanya suna ta maganar gada da sojoji. Mai aski yana cewa "haka ne" a inda ya kamata.

Ɗakin marasa lafiya ya cika. Fanka ɗaya ce ke juyawa. Inna tana kan gadon da ke bakin taga, an sa mata ƙarin ruwa, ɗankwalinta ya zame. Ƙanwar tana yi mata fifita da murfin kwano. Da tsohuwar ta ga ɗanta sai ta ɗago hannun da ke motsi, ta kira shi da sunan da ba wanda ya kira shi da shi tun yana yaro, ta shiga magana a hankali, kalma bayan kalma.

Ya ji kowace kalma. Cewa take ta sha maganin hawan jininta da safe, ta manta, ta sake sha, ta sake mantawa, har ta ga kwalbar ta kusa ƙarewa. Cewa take ƙirjinta ya yi sanyi.

Likita, wata mata mai gajiya a fuska, ta dubi mutanen da suka kewaye gadon.

"Bugun zuciyarta yana ta raguwa, ban san dalili ba. Tun ɗazu take son gaya mini wani abu. Wa ke jin abin da take faɗa?"

"Ni gaisuwa kawai na iya," in ji ƙanwar. Ta juya. "Yaya?"

Ciyaman yana tsaye a kafaɗarsa. Mai aski yana jin ƙamshin man askin da shi da kansa ya shafa masa.

"Sambatun ciwo ne, likita," ya ce. "Ba magana ba ce."

Inna ta dube shi. Harshen gari ya bar bakinta, amma bai bar kunnenta ba. Ta sake maimaitawa, wannan karon a taƙaice: magani, da yawa. Ya sunkuya ya gyara mata ɗankwali.

Likita ta ce za a ɗebi jini a gwada, ta wuce gado na gaba.

A ransa mai aski ya ce, su Ciyaman suna fita zan gaya mata. Ai dubiya ba ta daɗewa.

Ba su fita ba. Ciyaman mutum ne mai son a ce ya kyauta. Ya aika aka sayo lemo da ruwan gora. Ya sa aka samo benci. Ya yi doguwar addu'a, aka shafa. Ɗaya daga cikin yaransa ya gano wani abokinsa a gadon ƙarshe, ya tafi gaisuwa. Ɗayan ya ɗauko labarin wani mai shagon taya da suka gano ɗan tsallake ne, yadda ya kwashe kayansa ya bar gari. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, saboda asibiti ne. Mai aski yana zaune yana tsince gashin Ciyaman daga hannun rigarsa, ɗaya bayan ɗaya. Yana kallon ruwan yana ɗiga cikin roba. Bai ji tsoro ba, bai ji komai ba. Maganar Inna ta yi ƙasa, ta koma motsin leɓe, sannan ta rufe ido.

"Ta samu barci," in ji Ciyaman. "Alhamdu lillahi. Bari mu gudu."

Mai aski ya raka su bakin ƙofa. Ciyaman ya dafa kafaɗarsa.

"Allah sarki, tsohuwa ta koma yarensu. Da kana ji, ai da an huta."

"Yarensu?"

"Na tsallake mana. Wa bai sani ba? Uwata ce ma ta riƙe mata hannu ranar da babanka ya kawo ta unguwar nan. Mu da masu shaguna muke yi, ba da tsofaffinmu ba. Allah ya ba ta lafiya."

Ya tsaya har motar ta fita daga harabar. Sannan ya juya neman likita. Aka ce tana ɗakin haɗari, an kawo mutanen da mota ta kife da su. Ya jira a baranda. Da ta fito tana cire safar hannu, ya tare ta.

"Maganin hawan jini ta sha. Kusan kwalba guda."

"Wa ya gaya maka?"

"Ita."

"Yaushe?"

Likita ta dube shi sau ɗaya, ta kira nas, suka ruga. Ƙanwarsa tana tsaye a bayansa da butar ruwa a hannu, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta ajiye butar a ƙasa, ta bi su.

Da-na-sani ƙeya ce. Kafin la'asar aka ja wa Inna mayafi.

Ga abin da ya rasa. Ya rasa uwa. Ya rasa ƙanwa, don tun ranar ba ta sake ce masa Yaya ba, ranar da aka tashi zaman makoki ta kwashe kayanta. Ya rasa mutum na ƙarshe a duniya da ya san sunansa na yarinta. Abin da ya biya duk wannan don ya ɓoye kuwa, unguwa ta san shi tun kafin a haife shi. Yankin bakin kogi yana nan, har yau ana jayayya a kansa.