Jakin Shafi Na Tara

...kuma jakin ma ai ba shi da laifi, tunda babu shi. Mai faci ne ya ƙirƙiro shi da bakinsa. Ranar kasuwa, yana goge tib ɗin keke, wani ya ce wai me ya taso kakanni daga tsohon gari suka dawo nan bakin rafi? Sai mai facin ya ce jaki ne. Ya iso nan da kaya, ya kwanta, ya ƙi tashi. An yi duka, an yi lallashi... suka ce to, tunda babba ya zauna, mu ma mu zauna. Aka kwashe da dariya. Dariya ce fa kawai!

Shekara bakwai ke nan. Yanzu 'yan makaranta har zanen jakin suke yi, da kunnuwa zaƙo-zaƙo.

Ga littafin a cinyar mai facin, duk shatin baƙin mai. Tarihin garinmu. Shi da ya tsaya aji shida, wai shi ne marubuci — to wa zai yi? Masu ilimin sun tafi birni, ko sunan kakansu sai sun bugo waya sun tambaya. Ya rubuta rijiyoyi, da wanda ya haƙa kowace. Shekarar fāri. Shekarar da gada ta karye. Duk gaskiya, wallahi, sai ɗan gishiri. Shafi na tara ne kawai fari fat. Ga hedimasta na zuwa da la'asar ya karɓa a kai a buga. Ka cike mana maganar jakin nan, ita yara suka fi so — haka ya ce.

Gwaggo na kwance. Yayar babansa, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa a can tsohon garin. Tun Laraba ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Kofi, cokali, ƙuda ɗaya mai naci...

Kai ɗan banza, ajiye famfon nan ka zo ka ji abin da ya kore mu. Sau nawa ta faɗa? Gobe, Gwaggo. Kekuna uku na jira. Gobe. Rannan har ta fara — ko ƙofa ba mu ja ba, tukunya na kan wuta — sai aka yi sallama, taya ta sace. Ya tashi ya tafi. Taya!

Wa ya bar tukunya a wuta saboda jaki?

Ya sa hannunsa cikin nata mai ran.

"Gwaggo, in ciwo ne ya kore ku, matsa."

Ta matsa. Alhamdulillahi, ciwo ne, bari ya ɗauko biro... a'a, tsaya.

"Ko faɗa ne?"

Ta matsa. Yunwa? Ta matsa. Ambaliya? Ta matsa. To duka ne, ko hannun ne kawai ke aikinsa?

"...Jaki?"

Ta matsa har yatsunsa suka yi ƙara. Gefen bakin ya motsa. Dariya ce? Zagi ne? Wannan ruwan da ke gangarowa kunnenta fa — idon ne ke yi da kansa tun Laraba, ko kuwa...

Wa aka bari a can, Gwaggo?

Biro na hannu. Shafi na kallonsa. Can kan hanya ƙarar babur ɗin hedimasta — yau da ma taya ta sace. Ina, ba za ta sace ba. Shi ya yi facin.