Makunnin da ke Bayan Ƙofar Kicin

Shekara talatin da ɗaya na yi ina haƙar kwal a ƙarƙashin garin nan. Saboda haka da hukumar gidaje ta huda rijiyoyi uku a layinmu, ta ce daga can za a riƙa jawo mana ɗumi, ban yi musu ba. Na san cikin ƙasa ba ya sanyi. Gida goma sha biyu ne, bututu ɗaya ya haɗa mu, kowa da ɗan injinsa a bayan ƙofar kicin.

Kowa ya ji daɗi ban da ni. In na kunna da safe na taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki da ke bango, sai in ji ɗuminsa sama-sama, kamar shayin da aka manta. Bayan awa biyu in kashe, yadda na saba yi wa tsohon injina na gas. Gida ya ƙi ɗumi, tari ya kama ni mako uku. 'Yata Cerys ta zo daga Cardiff ta same ni a falo da kwat da hula. Ta ce in ta dawo Lahadi ta sama ta tarar da gidan haka, sai in tattara in koma ɗakin da ta nema mini a gidan tsofaffi. Ni kuwa a gidan nan aka haife ni.

Na shiga wajen maƙwabciyata Glenys, matar marigayi Idwal, abokin aikina a rami. Na same ta da riga mai gajeren hannu tana yanka albasa. Na ce ai ita aka ba bututun kirki, mu na ƙarshen layi sai ragowa. Ta goge hannu ta biyo ni gida, ta leƙa bayan ƙofata.

"Emrys, tsohon banza, wa ya kashe wannan?"

Na ce mai hankali ba ya barin inji yana aiki ba dalili.

"Uwarka ta taɓa barin murhun kwal ya mutu? Toka take lulluɓa masa, tun shigowar sanyi har fitarsa. To shi ma wannan haka yake. A hankali yake abinsa, kamar kanka."

Ta kunna, ta manna filasta a kan makunnin, ta ce in ta ga an ɓare, da bakinta za ta gaya wa Cerys.

Kwana biyu hannuna na ƙaiƙayin ɓare filastar in kashe. A na uku na farga ina zaune ba hula, bango kansa ya daina sanyi. Na sayi cinyar rago na kai wa Glenys. Ta karɓa, ta ce da Idwal ne da biyu zai kawo.

Ran Lahadi Cerys ta shigo, ta tsaya tsakiyar falo jim kaɗan tana dube-dube. Sai ta tuɓe kwat ta rataye, ta ce, "Baba, akwai madara kuwa?" Ba ta tayar da zancen gidan tsofaffi ba, ni kuwa na ɗora butar shayi.