Jar Tuta a Ƙofar Gidan Suruka

Marjuki ya jingina kekensa a ƙofar gidan surukarsa, ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya shinshina hammatarsa, ya gode wa Allah da bai tarar da kowa ba. Mutumin da ya tako keke tun daga Jakarta har ƙauyukan Solo don bikon matarsa bai kamata ya bayyana yana warin bunsuru ba.

Warsini ta yi yaji ne ranar da ya sayar da keken ɗinkinta ya sayi wannan na hawa, wai zai zaga duniya. Da ta yi magana, ya ce ai keke keke ne. Fiye da mako ke nan yana hanya, yana kwana a masallatai da gidajen mai, yana bitar jawabin da zai nuna mata ita ce da laifi. A bayan keken ya kafa doguwar gora da jan ƙyalle, don direbobin manyan motoci su gan shi kafin su taka shi.

Ya bar keken nan, ya nufi masallaci ya yi wanka. Ya ɗan kishingiɗa a baranda, barci ya yi awon gaba da shi har la'asar.

Da ya dawo, an kafa rumfa, an jera kujeru, mata na shiga da kwanukan shinkafa.

“Pak, me ake yi?” ya tambayi wani dattijo.

“Rasuwa. Ba ka ga tuta ba?”

A Jakarta rawaya ce tutar mutuwa, ba ja ba kamar a Solo, don haka Marjuki bai ko kalli kekensa ba.

“Wa ya rasu?”

“Da safe an ga sun tafi asibiti, tsohuwa da 'yarta. Mbah Karto dai, ka san ta, ko Azara'ilu sai ya yi sallama. Muna jin 'yar ce.”

Jawabin nan duk ya zube. Marjuki ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora hannu a ka, ya fashe da kuka irin na yaron da aka manta a kasuwa. Tsoro ne da nadama, ba na ganin ido ba. Ya kira sunanta, ya zagi kansa, ya zagi keke da wanda ya ƙera shi.

Yana tsakiyar haka mai keken haya ya tsaya. Surukarsa Mbah Karto ta sauko da ƙullin maganin ƙafa, Warsini na biye. Tsohuwa ta dubi rumfa, ta dubi tuta.

“Wane ɗan albarka ne ya kashe ni?”

 Wata daga cikin matan ta fara jan kwanonta a hankali.

“Ajiye!” in ji tsohuwa. “Abin da ya shigo ya shigo. Ke da ba ki leƙo ni ina ciwo ba.”

Warsini ta tsaya a kan mijinta. Ta ji ƙarshen kukan, kuma ta gane keken.

“Bang,” ta ce, yadda ta saba kiransa, “shekara talatin da ka auri 'yar garin nan, ba ka san jan ƙyalle ba?”

“Na zaci kin mutu.”

“Na ji. Duk unguwa ta ji.” Ta miƙa masa gefen gyalenta. “Share majina, kana ba ni kunya.”

“Za ki koma?”

Ta harari keken har sai da ya sake tsorata.

“Zan koma. Jibi, a jirgin ƙasa.”

Ya miƙe yana washe baki. “Sai in sa keken a taragon kaya.”

“A'a, Bang. Ai duniya ka ce za ka zaga. Ka koma yadda ka zo, zan jira ka a gida.”