Kaset ɗin Mama Rufina a Kwalin Takalmi

Tun ranar da Nuria ta auri ɗan yayana ta tare a unguwarmu ta Santiago a Jerez ban yarda da ita ba. Yarinya ta taso daga Bilbao, ko tafi ba ta iya ba, amma duk Lahadi tana wurin 'yan gwanjo tana kwaso kaset-kaset da tsofaffin faya-fayan flamenco, kiɗa da waƙar gargajiyarmu. Ta cika kwalin takalmi biyu, ga littafin koyon gita, ga wani ɗan kundi da take rubutu a ciki in ana waƙa. Wai koyo take. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Tsorona ɗaya ne. Muna da seguiriya, waƙar makoki ta mahaifiyarmu Rufina, wadda ba a rerawa sai cikin dangi, ba a kuma yarda a naɗa ta. Daga baki take shiga kunne. Yanzu ni kaɗai na rage da ita.

Rannan na kai mata faten wake tana wanka. Ba bincike na yi ba, idona ne ya faɗa cikin kwalin. Ga kaset an rubuta "Rufina, 1978". Raina ya ɓaci. Na zargi yayana, na zargi marigayi mijin ƙanwata, da yake mamaci ba ya musu.

Tana fitowa na ɗaga mata shi. "Wa ya ba ki wannan, 'yar nan?"

"A gwanjo na saya, Gwaggo Eulalia, cikin tarkacen wani mai gita da ya rasu, Bastián. Rufinar nan wata shahararriya ce?"

Jin sunan Bastián na ajiye abin a kan tebur. Ta sa kaset ɗin. Muryar Mama ta cika kicin, har da ƙarar cokula. Ta yi baitoci ukun da na sani, sai ta shiga na huɗu, wanda ban ma san na manta ba. Can ƙarshe ta ce, "Eulalia, me kike ɓoyewa a ƙarƙashin tebur?" Wata yarinya ta ce ba komai.

Ni ce yarinyar, shekarata sha shida a lokacin. Rikodar da na ɓoye ta Bastián ce, shi ya roƙe ni in naɗa masa waƙar, ni kuwa ina sonsa kamar hauka.

Nuria ta dube ni. Kunya ta kama ni, kewar Mama ta fi ta ƙarfi. Na ja kujera na zauna.

"Mayar da shi baya, kan baiti na huɗu," na ce. "Ki ɗauko kundin nan naki."