Muryar Vernell a Ƙarshen Waƙa

Tun Jumma'a rediyon shagon askin Cleotis Pettway yake kunne. Tashar garin ta jera waƙoƙi ɗari biyar da aka ce sun fi kowace waƙa a duniya, tana sa su daga ta ɗari biyar zuwa ta ɗaya a cikin dogon hutun ƙarshen mako. Yau Litinin. Cleotis ya gaji. Ƙafafunsa sun kumbura, kansa ya cika da ganga da koke-koken samari. Ko bayan gida zai shiga, da rediyon yake shiga.

Waƙa ɗaya yake jira. Matarsa Vernell, tun tana budurwa, ta taɓa yi wa wani mawaƙi amshi a birnin Memphis. Ba a rubuta sunanta a faifan ba. Muryarta ba ta fitowa sai can ƙarshe, ita kaɗai, bayan mawaƙin ya yi shiru. Faifansu ambaliya ta tafi da shi. Vernell ta rasu bara. Gidajen rediyo kuwa kullum datse waƙar suke yi kafin a kai wurin. Wannan karon sun yi alkawari za su sa kowace waƙa har ƙarshenta.

Lonzo Tate, tsohon direban bas, yana kan kujera, an aske rabin kansa. Shekara da shekaru yana tsokanar Cleotis a kan maganar.

"Tsoho, ni ma fa na taɓa yin waƙa," in ji Lonzo. "Sunana ne kawai ba a rubuta ba."

"Riƙe kanka, kar in tafi da kunne."

"An wuce ta hamsin. Anya waƙar tana ciki?"

"Tana ciki."

"A coci dai Vernell ko tafi ba ta iya ba."

Mai gabatarwa a rediyon ya ce ga ta talatin da bakwai, sai kiɗan jita ya fara. Cleotis ya ajiye injin aski. Ya ƙara muryar rediyon, ya dafa kan teburin.

"Ita ce?"

"Rufe bakinka."

Lonzo ya rufe. Baiti ya wuce, wani ya biyo. An kai inda aka saba datsewa, ba a datse ba. Mawaƙin ya ja kalmarsa ta ƙarshe, ya yi shiru. Cleotis ya sunkuya har kunnensa ya taɓa rediyon.

Sai mai gabatarwa ya hau kan waƙar da surutu. Waƙar tana tafiya a ƙasa, shi yana sama yana tallar katifa, wai an karya farashi saboda hutu. Kafin ya gama faɗin inda kantin yake, waƙar ta ƙare.

Cleotis ya daɗe a sunkuye.

Lonzo ya yi gyaran murya. "Na ji ta, Cleotis. Can ƙasa-ƙasa. Wata siririyar murya."

"Katifa ka ji."

"Na rantse maka..."

"Shekara nawa kana cewa ƙarya nake yi, ban damu ba. Kar ka yi mini ƙarya don tausayi."

Ya kashe rediyon, ya naɗe wayarsa, ya ɗora shi can saman kabad.

"Ba za mu ji wace ce ta ɗaya ba?" in ji Lonzo.

Cleotis ya ɗauki injin. "Juyo da wancan ɓangaren."