Muryar Mutari a Cikin Bafil

Sallau na kwance notikan bayan bafil ɗin, wato akwatin lasifikar da Barira ta kawo daga gida, ita kuma tana zaune a bakin benci tana jujjuya wayarta. Matar yayansa ce, marigayi Mutari, wanda suka shekara goma sha ɗaya suna gyaran kayan sauti tare a wannan rumfa ta kasuwar Gaya. Tun da ta fita takaba ba ta tako nan ba sai yau.

"Muryarsa ce ba ta fita daidai," in ji ta. "Kullum da safe nakan kunna wa yara saƙonnin da ya bari a waya. Da na ƙara sauti sai ya shaƙe kamar mai mura. Ba haka yake magana ba, Sallau."

Ya zaro ɗan allon da ke raba sauti tsakanin babbar lasifika da ƙarama. Yana ganin bobin ɗin da ke jikin allon ya gane aikin hannunsa: wayar jan ƙarfe ce naɗe a kan wani ƙaton bulon, irin ƙusar ƙarfen nan mai noti. Lokacin da aka rufe gadar kan iyaka, ferit, ɗan baƙin sandan da ake naɗa wayar a kansa, ya yanke a gari, shi ne ya ƙirƙiro wannan dabara. Ƙarfen banza kuwa, sauti na yin ƙarfi yake ƙoshi, ya danne murya. Masu kaya suka yi ta dawowa da ƙorafi, shi kuma ya matsa wa Mutari ya haye kogi zuwa Malanbil ya samo ferit. A hanyar dawowa kwalekwalensu ya kife a tsakiyar kogi.

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru, Yaya. Ba ni da ferit, amma zan naɗa wanda cikinsa babu komai sai iska. Yana cin wayar jan ƙarfe, sai dai ba ya ɓoye komai."

Har aka kira azahar yana naɗi, yatsunsa duk sun yi ja. Ya haɗa, ya miƙa mata igiyar bafil ɗin ta jona a wayarta. Ta danna saƙon ƙarshe.

Sai ga Mutari a rumfar, garau, har da 'yar dariyar nan tasa. "Barira, ki ce wa Sallau na samo masa ferit ɗinsa, ya bar ni in huta. Ga mu mun taso."

Amma ba shi kaɗai ba ne. A bayan muryar akwai ƙugin inji, da ruwa yana dukan katako, da wata mata can ƙasa-ƙasa tana cewa, "Jama'a, mun yi yawa fa."

Sallau ya dafe tebur. Barira ta kashe wayar.

"Wata bakwai ina jin saƙon nan," ta ce, "ban taɓa jin matar nan ba."

"Yaya, ni ne na..."

"Kwana ne ya ƙare, Sallau. Bar wannan maganar." Ta goge ido da bakin mayafi. "Mayar mini da tsohon bobin ɗin. Gobe da safe yara za su ce a kunna musu."