Dusar Ƙanƙara a Bombay

Tun da hantsi aka zazzage buhunan gishiri a farfajiyar tsohon gidan da aka yi haya a bakin teku, aka baje shi har ya rufe ciyawa. Wai dusar ƙanƙara ce. A Bombay, a watan Mayu, lokacin da kwalta ke kama takalmi.

Dalilin bai wuce cewa haka yake a kaset ba. Darakta Harbans Chawla ya samo wani fim ɗin dodo na Turawa a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, ya kalla har hoton ya fara rawa, ya rantse ko tari ba zai bari bai kwaikwaya ba. A kaset ɗin, dodon yana fitowa daga kabari cikin sanyi, da doguwar rigar gashi har ƙasa. Saboda haka aka ɗinka wa Dattaram, wanda zai fito a dodon, irinta da tsofaffin barguna, aka manna masa fuskar roba da gam daga goshi har wuya, babu baki, sai 'yan huji a hanci. Daren ma na ƙarya ne: baƙin gilashi aka liƙa wa kyamara, ana ɗauka da rana tsaka. Mutum sama da talatin a wurin, duk da idanunsu, amma babu wanda ya tambayi abin da ya kawo sanyi ƙauyen da mata ke yawo da sari. A wannan sana'a abin da aka fi ƙwarewa a kai shi ne cewa "to".

Sulochana, matar Dattaram, ita ke gyaran gashin 'yan wasa. Tana tsaye da mataji a hannu, amma idonta na kan mijinta. Ta ga yana jan ƙafar hagu, kuma ba haka aka koya masa ba. Likita ya riga ya gaya musu jininsa ya hau, ya guji rana.

Dokar ƙungiyar ma'aikatan fim kuwa kowa ya san ta: gashi na mata, fuska ta maza. Macen da ta taɓa fuskar ɗan wasa, an karɓe katinta ke nan, ba ita ba aiki. Don haka ta nufi Baburao mai kwalliya, wanda ke inuwa yana taunar ganyen pan, goron mutanen ƙasar.

"Yaya, don girman Ubangiji ka ɗan ɗaga masa ta gefe ya sha ruwa."

"Fuska ɗaya gare mu, ƙanwata. Na ɗaga, ta yage, sai mu ɗauki taki?" Ya tofar da jan yawu. "Mijinki bijimi ne. An cinna masa wuta a fim bara, an jefa shi rijiya, me ya same shi? Je ki ji da matajinki."

Ta wuce wurin darakta. Yana zaune ƙarƙashin laima, ƙaramar talabijin a gabansa, an tsayar da hoton daidai bakin kabari.

"Yallaɓai, a ba shi hutu kaɗan. Zafin nan zai kashe shi."

Chawla ya ɗago. "A'a, matar dodo ce da kanta. Baturen da ya yi wannan, kin ji ya yi ƙorafi?"

"Yallaɓai, shi a ƙanƙarar gaske yake."

"To ai namu ya ji daɗi, ba zai yi mura ba."

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su ji abin da ya ce ba.

Ta je ta tsaya kusa da mijinta, ta rage murya. "Baban Usha, ka ce ka gaji. Kai kaɗai zai saurara." Dattaram ya girgiza wannan kai na roba, ya ture hannunta. Ta san abin da yake tsoro. Dogayen samari na nan a bakin ƙofar kamfani kullum, kuma ƙarƙashin roba babu mai sanin an canza mutum.

Aka sa shi a ramin da aka haƙa a matsayin kabari, aka rufe da siririn katako, aka watsa gishiri a kai. Kyamara ta fara kuka.

"Dodo, fito," in ji Chawla.

Gishiri bai motsa ba.

"Madalla. Jan rai yake yi, haka na kaset ya yi. Kada wanda ya yi motsi."

Kowa ya tsaya kuwa. Sulochana ta dubi mai kyamara, ya kau da kai. Ta dubi Baburao, ya daina tauna, amma bai tashi ba. Manya da gemu, suna kallon rami, suna jiran izinin talabijin.

Ta jefar da mataji ta shiga. Gishirin na ƙona tafin ƙafarta. Tana jin Chawla na zaginta har uwa, ta durƙusa ta tone, ta fincike katakon. Dattaram na kwance a karkace, ƙirjinsa shiru. Ta cusa farce ƙarƙashin haɓarsa ta ja. Gam ɗin ya ƙi. Ta sa haƙori ta huda robar, ta ja da hannu biyu, ta yage har kunne, da fatar kuncinsa a jiki. Gumin da ya taru a ciki ya zubo kamar an fasa salka.

Ta daki ƙirjinsa. Ta sake. Sai ya ja wani numfashi mai ƙara, irin na tsohuwar ƙofa.

"Kin san abin da kika yi?" Baburao ne a kanta, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Dole in kai ƙara."

"Je ka kai. Amma kama min ƙafafunsa tukuna."

Ya kama. Da masu fitila suka ga haka, sai suka taso su ma. Chawla na can yana juya yagaggiyar fuskar a hannu, yana tambayar ko za ta ɗinku.

A cikin tasi ta ɗora kansa a cinyarta, tana ɗiga masa ruwa da gefen sarinta. Sai da suka hau babban titi ya buɗe ido, leɓunansa a tsattsage.

"An samu hoton?"

"Yi shiru ka yi numfashi."

"Gobe wani za su sa."

"Su sa."

Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, ta ce wa direba ya bi ta hannun da babu cunkoso.